Sunan da Mai Hatimi Ya Nema

Lokacin da kuɗin fetur suka hau wa Libiya ka, duk inda ka juya a Sabha gini ake yi. Makaranta nan, asibiti can, gidaje jere-jere waɗanda ba a ma san wa zai shiga ba tukuna. Mutumin da bara ka gani yana jan raƙumi, bana ya sayi mota yana neman mai koya masa ribas. Mu kuwa da muka keto hamada daga kudu, mu ne masu kwaɓa suminti da ɗora bulo. Ni daga wajen Tasawa na fito, aikina yaɓe, kuma da yake na ɗan taɓa karatu a zaure kafin in bar gida, sai aka ɗora mini tafinta a gidan da muke haya a unguwar Sukra. Larabcina na littafi ne, nasu na kasuwa, amma da nuni da hannu da ɗaga murya muna fahimtar juna.

Kuɗin nan ba su zo su kaɗai ba, da takarda suka zo. Kafin ka yi tari a garin sai an nemi ka nuna takarda, ita kuma takardar ba ta da rai sai an buga mata hatimi. Na ga ƙaton mutum, mai ɗaukar buhun suminti biyu a kafaɗa, yana rawar jiki a gaban wani ɗan guntun katako mai roba a gindi.

Shugaban aikinmu wani dattijo ne Badamagare, magini tun zamanin tubali da jar ƙasa. Duk gidan Baba muke ce masa. Ba ya son surutu, ba ya son rediyo, ba ya son a taɓa masa cokalin gini. Ni da shi kullum sai mun yi, don ni bakina ba ya shiru, shi kuma harara ɗaya yake yi maka ka nemi abin yi. Amma shi ne ya karɓe ni ranar da na sauka daga mota ƙafafuna a kumbure, ya jiƙa mini gari da dabino, ya ba ni gefen tabarmarsa. Ina son tsohon nan, ko da yake ban taɓa gaya masa ba, da ya jefe ni da takalmi.

Wata rana wani direban babbar mota ya iso daga Agadas da saƙon baka. Baba yana da garka a ƙauyensu can wajen Mirya, da rijiya a tsakiyarta wadda mahaifinsa ya haƙa da hannunsa. To, ɗan baffansa ya kai ƙara, wai garkar ta kakansu ce, shi kuma Baba ya shiga duniya ba a san ko yana raye ba. Alƙali ya ce ko dai Baba ya zo da kansa, ko ya aiko da takardar wakilci mai hatimin hukuma kafin damina ta faɗi, in ba haka ba a yanke hukunci ba shi. Zuwa kam babu hali, don fasfonsa yana kulle a durowar kamfani sai an gama makarantar da muke ginawa a hanyar Tamanhint. Saura takarda ke nan, kuma direban ya yi alkawarin sauka da ita in ya gama lodi.

Na ce, "Wa za ka wakilta, Baba?"

Ya ce, "Yaron nan."

Na gane. Ɗan farinsa yake nufi, wanda yake ban ruwa a garkar tun da Baba ya baro gida. "Yaron nan" fa a lokacin yana da mata da 'ya'ya da gemu. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ba a kama sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a yabonsa. Na Baba kuma abin ya ninku, don sunan mahaifinsa aka mayar wa yaron. Tun ranar suna bai taɓa furta shi ba. Ni dai ban kawo komai a raina ba, na ce ai rubutu za a yi.

A bakin kotu akwai masu keken rubutu da suke zama a inuwa suna buga wa mutane takardu. Muka je da direban, don shi ya san sunan. Yana buɗe baki zai faɗa, sai Baba ya tuna akwai wata katanga a ƙetaren titi da take bukatar dubawa. Ya tafi yana ƙwanƙwasa ginin mutane yana tsaki, wai an yi ha'inci a suminti. Bai dawo ba sai da aka zare takarda daga keke.

Yanzu sai sa hannu. A kamfaninmu wannan ba abin damuwa ba ne. In an kawo takardar da za a dangwala yatsa, kukunmu mai dafa mana abinci ne yake dangwala wa kowa, don shi kaɗai ne yatsansa yake da zane, mu namu suminti ya cinye. A takardun kamfanin nan ƙartin ma'aikata gaba ɗaya yatsansu guda ne, kuma ba wanda ya taɓa ɗaga gira. Saboda haka kuku ya goge hannu a zane, ya dangwala wa Baba, ni kuma na ɗauki takarda na nufi ofishin mai hatimi ni kaɗai, don kada Baba ya rasa yinin aiki.

Su muharrir suke ce masa, mu dai mai hatimi muka sani. Ofishinsa a saman wani kanti yake inda ake sayar da firji. Mutum ne tsamurarre mai tabarau, an ce a Masar ya yi karatu, kuma ko garin ya ɗau zafi kamar tanda ba ya cire kwat. Komai a hankali yake yi. Kafin ya juya takarda ɗaya sai ka yi alwala ka dawo. A kan teburinsa akwai tarho, da ɗan akwatin tawada, da hatimin, da hoton wani jariri mai kumatu.

Ya karanta takardar tun daga bisimilla har ƙasa, ya ɗora yatsa a kan dangwalen kuku.

"Na wa ne wannan?"

Na ce, "Na mai takardar."

"Ina yake?"

"Yana kan gini."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Wato yatsan ne ya zo shi kaɗai."

Na fara bayani, cewa Baba dattijo ne, mutumin kirki, garkar tasa ce kowa ya sani. Ya ɗaga mini hannu. Ya ce shi ba ya shaidar abin da ke cikin takarda. Ko mutum ya rubuta cewa hamada duk tasa ce, ba ruwansa, wannan aikin alƙali ne. Abin da hatiminsa yake faɗa wa duniya shi ne mutumin ya tsaya a gabansa, ya tabbatar shi ne, ya ji daga bakinsa cewa ya san abin da aka rubuta kuma ya yarda ba tilas, sa'an nan ya sa hannu yana kallo. Ya ce in je a buga sabuwar takarda, in zo da mai ita, da bataƙarsa, wato katin shaida, da shaidu biyu da suka san shi.

Na sauko ina ƙunƙuni. Kai jama'a! Wato ƙarya ba ta dame shi ba muddin mai ita ya zo da ƙafarsa. Da yamma na ba da labari a gida, kuku ya ji haushi ƙwarai, ya ce yatsansa da kamfani guda ya yarda da shi, wane ne wannan mai kwat da zai raina shi.

Shaida na biyu sai muka ɗauko wani Bakano mai sayar da turare da huluna a kasuwa, don shi takardunsa cikakku ne. Mutum ne mai ƙiba da yawan dariya, kuma kun san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa. Tun daga ƙofar gida ya fara: "Ina bawan nawa? Zo mu je in karɓo maka 'yanci." Baba ya ce masa in ba don larura ba, ko akuya ba zai sa Bakano ya yi wa shaida ba. Haka suka yi ta yi har saman bene.

Mai hatimi ya karɓi bataƙar Baba, ya dubi hoto, ya dubi Baba, ya sake duban hoto. Ya rubuta sunayenmu. Ya ce kafin a ɓata sabuwar takarda bari a gwada yatsan a gefe. Ya kama babban yatsan Baba na dama, ya shafa a tawada, ya danna a farar takarda. Abin da ya fito baƙin tabo ne kawai, kamar an murƙushe ƙuda. Ya gwada na hagu. Ya bi sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya, har hannun Baba ya koma na marini. Ya ɗauko wani gilashi mai ƙara girman abu ya leƙa fatar.

Ya ce, "Wannan ba yatsa ba ne, bulo ne. Ina zanen?"

Na fassara wa Baba. Baba ya ce, "Gaya masa yana jikin katangun garinsu, ya je ya duba."

Na gaya masa, har na ƙara gishiri, na ce ya fara da benen da yake zaune a kai. Ko gezau. Na ce to a ba Baba alƙalami ya ja layi mana, ai na ga manya ma abin da suke yi ke nan, su yi watsal-watsal kamar kaza ta bi ta kan takarda, a ce sa hannu ne. Ya nuna mini bataƙar, inda aka rubuta cewa mai ita ba ya rubutu, dangwale yake yi. Ya ce a je a hutar da yatsan, fata takan dawo.

Daga ranar babban yatsan Baba ya zama ɗan gata a gidanmu. Aka jiƙa shi da man zaitun. Bakano ya kawo man shanu da wani turare, ya ce a haɗa. Wani Bagobiri ya ce lalle, aka ce a'a, lalle zai rufe zanen. Aka naɗe shi da tsumma, aka sa masa ƙafar safa, aka ɗaure da zare. Baba ya daina taɓa suminti, sai dai ya tsaya a kanmu yana ba da umarni, yatsa a miƙe sama. In muna dawowa a gefen titi motoci sukan tsaya, suna zaton neman ɗauka yake yi. Mutumin da tun da aka haife shi bai ci abinci da cokali ba, ga shi yana kokawa da taliya tana zille masa. Kullum bayan la'asar sai Bakano ya leƙo ya ce, "Ina gajiyar amarya? Yaushe za a buɗe mana fuska?"

Kowace safiya kuku yakan kawo baƙin tukunya, a kwance tsumma, a shafa, a danna a takardar buhun suminti, mu taru muna leƙe. Da farko ba komai. Sannu a hankali sai wasu 'yan layuka suka fara bayyana a gefe. Ranar da muka ga sun fara zagaye, wallahi har kabbara aka yi.

Dariya muke yi, amma Baba ba dariya yake ba. Direban ya kusa gama lodi, kuma masu zuwa daga kudu sun ce an fara ganin hadari a gabas. Wata rana da tsakar rana muna hutawa a gindin katanga, sai na ji Baba ya fara magana ba tare da an tambaye shi ba, abin da ba halinsa ba ne. Ya ce har yanzu matakan da mahaifinsa ya sassaƙa a cikin rijiyar suna nan, kuma shi ƙafarsa ba ta taɓa cika su ba. Ya ce ruwanta ko a bazara ba ya ja da baya. Sa'an nan ya ce, "Yaron nan ya iya ban ruwa." Ya waiga ko wani ya ji, ya daka mini tsawa wai in tashi kwaɓi na bushewa.

Direba ya ce Asabar da asuba zai ɗaga. Ran Alhamis muka koma, ofis kuma ana rufe shi da azahar, Juma'a babu aiki. Baba ya sa farar rigarsa. Aka kwance amarya a gaban mai hatimi, aka gwada a gefe, zane ya fito raɗau. Bakano ya ce a ba shi tukwici. Har mai hatimin sai da ya murmusa, ya sa aka kawo mana shayi mai kumfa da gyaɗa. Da ya ga ina kallon hoton jaririn sai ya juyo mana da shi, ya ce ɗansa ne na fari. Ya faɗi sunansa, ya ce wane ya fara haƙori, wane ba ya barci, wane kamarsu ɗaya da kakansa. Baba ya sunkuyar da kai yana jin kunya a madadinsa. Haka suke su. Injiniyanmu ma, wani Bafalasɗine, da sunan ɗan farinsa ake kiransa, uban wane, in ka kira shi da nasa sunan har fushi yake yi.

Sai aka shiga aiki. Mai hatimi yana karantawa ina fassarawa, Baba yana cewa "bahi", wato to, kalmar da ya fi iyawa ke nan a Larabcinsu. Da aka zo wajen sunan, Baba ya kafa wa fankar sama ido. Mai hatimi ya lura. Ya ajiye takarda ya ce, "Ya Haj, wa ka wakilta?"

Na fassara. Baba ya ce, "Yaron."

"Wane yaro?"

"Na wajena."

"Sunansa?"

Baba ya kawar da kai. Na yi caraf zan faɗa, mai hatimi ya ce in rufe bakina, suna ba ya bukatar tafinta. Baba ya gyara zama ya ce mai sunan mahaifinsa ne. Mai hatimi ya ce madalla, to mene ne sunan mahaifin? Baba ya ce yana cikin bataƙa. Aka ce ba bataƙa aka tambaya ba. Sai Baba ya ɗauko wata hanya, ya ce sunan wani Annabi ne, ya kama ba da tarihin Annabin nan tun daga haihuwa, da irin wahalar da ya sha da mutanensa, ina fassarawa ina gumi. Ya kawo komai da komai ban da sunan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka karanta sunan kai, shi kuma ya ce ya yarda. Ba shi ke nan ba?"

Mai hatimi ya dube ni ta saman tabarau. Ya juya ga Baba, ya ce ka wakilta wane ɗan wane? Sai ya faɗi wani suna dabam, wanda ko kama da na takardar bai yi ba. Baba, da yake tun da aka doso wajen ya toshe kunnensa daga ciki, idonsa na kan fanka, ya ce, "Bahi."

Innalillahi! Na ji kamar in nutse.

Fuskar mai hatimi ta sauya. Ya ce ya sha ganin irin wannan, a sako tsoho a tsakiyar ƙarti biyu, a kawo shi ya ba da abin da bai san ya bayar ba, kuma saboda irin haka aka ajiye shi a kujerar nan. Ya ɗora hannu a kan tarho ya ambaci shurɗa, 'yan sandansu. Bakano ya fara ja da baya yana cewa, "Ni fa turare nake sayarwa, jiya-jiya na san su."

Nan raina ya ɓaci. Na miƙe na zazzage masa duk Larabcin da na mallaka, na littafi da na kasuwa da wanda na ƙirƙira a wurin. Na ce mu ba ɓarayi ba ne, a ƙasarmu mutum ba ya kama sunan ɗansa na fari, ko za a yanka shi.

Ya ce, "Ɗansa ne na cikinsa?"

Na ce na cikinsa.

"Ya yi masa wani laifi ne?"

"Ko kusa."

"To don me?"

Ban taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba, a Hausa ma ban tanadi amsa ba balle a Larabci. Na ce kunya. Ya ce kunyar me, ba da aure aka haife shi ba? Wannan kam ban fassara wa Baba ba, don da an kira shurɗa da dalili.

Mai hatimi ya ɗauke hannu daga tarho. Ya daɗe yana kallon Baba, ya dubi hoton jaririnsa, ya ce ya yarda ba cuta muka zo yi ba. Amma a ƙasan takardar nan zai rubuta cewa mai ita ya ambaci wakilinsa a gabansa da bakinsa. Bai ji ba, ba zai rubuta ya ji ba. Ya dubi agogo, ya rufe akwatin tawada.

Na gaya wa Baba yadda ake ciki. Ya ɗauki tsummansa ya fara naɗe yatsan a hankali, ya miƙe ya ce, "Mu tafi."

Tun da nake ban taɓa ɗaga wa dattijo murya ba sai ranar. Na tare ƙofa. Na ce, "Baba, mu tafi ina? Mun yi ta jinyar yatsa kamar mai jego, yanzu ka ce mu tafi? To ka sani, yaron nan zai tsaya a bayan danga yana kallon wani yana jan ruwa a rijiyar tsohonka. In ya tambaye ni abin da ya faru, wallahi sai in ce masa yatsa ya warke, baki ne ya ƙi."

Ya yi mini hararar nan tasa, amma wannan karon ban kauce ba. Can ƙasa wani yana ta cinikin firji. Baba ya tsaya ya fi ƙarfin yadda zan iya jurewa, sa'an nan ya ce, "Ku juya."

Na tambayi mai hatimi ko shaida zai iya ba da baya. Ya ce a wannan gaɓar kunnenmu yake bukata. Ni da Bakano muka fuskanci bango, kamar yaran da malam ya kama da laifi.

Na zaci raɗa zai yi. Ashe mutumin da bai taɓa faɗin suna ba bai san yadda ake faɗinsa a ofis ba. Yadda ya saba ji a bakin mutane haka ya fitar da shi. Kira ya yi, da ƙarfi, yana jan ƙarshen, irin kiran da ake yi wa wanda yake can ƙarshen garka. Mai cinikin firji ya yi shiru. Wallahi har na saurara ko za a amsa. Sa'an nan, ba wanda ya ce ya maimaita, sai ya sake faɗa a hankali, shi kaɗai. Na saci kallon Bakano, na ga hawaye yana bin kumatunsa.

Mai hatimi ya buɗe tawada, ya ce mu juyo. Baba ya dangwala muna kallo, muka sa namu hannun, ya yi rubutunsa a ƙasa, ya hura wa hatimin iska ya buga. Ya miƙa wa Baba takardar da hannu biyu.

A kan matakala Baba ya tsaya bai waigo ba. Ya ce, "Duk wanda ya kai wannan magana gida, ni da shi ne." Bakano ya share fuska ya ce shi bai ji komai ba, dama Damagarawa ba a gane maganarsu. Ran Asabar takarda ta bi mota, Baba kuma ya tsoma hannunsa cikin kwaɓi tun da sassafe. Kafin sati ya zagayo yatsan ya koma bulo.

Garka ta tsaya a hannunsu, labari ya iso mana bayan kaka. Baba ya koma gida da aka gama makarantar, ni na daɗe bayansa. Ban sake ganinsa ba. Sai bayan shekaru, da na je Damagaram wata hidima, na ji ya rasu, na ce sai na je gaisuwa ko da ta yi latti.

Na tarar da yaron nan a garka, furfura ta cika masa gemu, yana ban ruwan albasa. Da na faɗi ko ni wane ne sai ya ajiye guga, ya shimfiɗa mini buhu a inuwar mangwaro. Muka yi addu'a, muka yi gaisuwa, ya tambayi Sabha na ba shi labarin yatsa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Da dariyar ta lafa sai ya kama tsinke yana tonon ƙasa.

Ya ce, "Malam, akwai abin da nake so in tambaya. Ranar da aka karanta takardar nan a gaban alƙali, mai fassara ya ce an rubuta a ƙasa wai Baba ya ambaci wakilinsa da bakinsa. Na ce a raina irin rubutun ofis ne, haka suke sa wa kowa." Bai ɗago ba. "Har ya koma ga Allah, ‘kai’ yake ce mini."

Na tuna kashedin da aka yi mini a kan matakala. Na ce a raina, Baba, sai dai mu yi ta in mun haɗu.

Na ce, "Mai hatimin nan ba ya rubuta abin da bai ji ba. Baba ya faɗi sunanka, har sau biyu. Na farko don hatimi ne. Na biyun ba wanda ya sa shi."

Ya tashi ya nufi rijiya, ya jefa guga, ya tsaya riƙe da igiya ya ba ni baya. Na daɗe a zaune ban ji ya jawo ba.